Shuni a Bayan Duna

Nomau ne ya fara gani, kuma duk wanda ya ce ya riga shi, ƙarya yake yi. Tun mutanen ƙauyensu na kusa da Gidan Sori suna kallon karen baƙi wuluk kamar gindin tukunya, shi ya riga ya buɗa gashin ƙeyarsa da yatsu ya ga abin da ke tafe: saman gashin baƙi, gindinsa kuwa toka-toka. To, wa zai riga shi? Mutumin da ya ga aikin dole na zamanin Nasara, ya ga farin da ya kwashe shanu har ungulu suka ƙoshi suka bar nama, ya ga shekarar da sanƙarau ya shiga gidansa ya fita da 'ya'yansa maza, shi kuwa ko ciwon kai bai yi ba. Bai taɓa taka ƙofar lakol ya yi boko ba, amma ido dai Allah ya ba shi.

'Ya ɗaya ta rage masa, Balkisu, kuma karen nata ne. Ta yi aikin raino a Maraɗi, gidan wata Madam mai aiki da wani proje na dashen itatuwa. Shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai, lokacin da rediyo ba ta da zance sai dimokuraɗiyya, projen ya tashi. Karyar Madam ta haihu a daidai lokacin, sai ta ba Balkisu ɗan kwikwiyo guda, irin karnukan nan na Nasara da ba sa girma. A cikin ƙwarya ta kawo shi gida. Baƙi ne ƙirin, in ban da ɗan ja-ja a gira da ƙafafu, don haka ta sa masa suna Duna.

Ba a daɗe ba ta auri wani mai fataucin wake na Gazawa. Gidansu gidan malamai ne, kare ba ya ƙetare zaurensu. Ranar da za a tafi da ita ta ɗora kwikwiyon a cinyar ubanta.

"Baba, ga amanata. Ka riƙe min Duna, zan zo in gan shi."

A cikin maganar nan duka, "zan zo" ne Nomau ya riƙe. Matarsa Halima ta rasu tun kafin auren, ɗakinta a rufe. Gidan da a da sai an yi tuwo a babbar tukunya, yanzu daga shi sai kaji sai wannan ɗan abu mai bin dugadugansa. Ba ya barin shi ya hau buzun salla, ba ya barin shi ya lashi ƙwaryar sha. Amma in ya dama fura sai ya zuba masa a sakaina, in zai tafi gona ya ɗora shi a amalanke, suna tafe yana ba shi labarin irin damen geron da ya taɓa ɗauka shi kaɗai. Duna ne kaɗai bai taɓa cewa ya ƙara gishiri ba.

Da ya kai labarin gashin gindin itacen bedi inda tsofaffi suke zama, dariya aka yi. Labo, taubashinsa, wanda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da tsiya ba, shi ya fi kowa. Ya ce an san akuya baƙa ta mutu baƙa, jaki ma haka, sai a gidan Nomau ne kare yake furfura tun bai daina fitsari a tsugune ba. Ya tuna wa jama'a kurar da Nomau ya ce ya kora da takalmi, da rijiyar da ya ce ya haƙa a yini guda.

"Bawana, in zama kai kaɗai ne ya dame ka, ka zo gidana ka riƙa yi min sharar garke," in ji Labo.

Nomau ya ce su jira, su da idanunsu sai abu ya faɗo musu a ka suke ganinsa.

Suka kuwa gani. Damina ta wuce, aka yi girbi, kan Duna ya koma kalar busasshen karan gero. Da bazara ta matso gashin ya yi masa yawa, ƙarangiya ta cukurkuɗe shi, yana ta haki a gindin randa. Nomau ya ɗauko almakashi ya sausaye shi. Baƙin ya zube ƙasa, iska ta kwashe. Abin da ya tashi ya girgiza jiki a gabansa wani ɗan kare ne mai bayan toka da kan zinariya. Baƙi bai rage ko'ina ba sai ɗan tsiro a ƙarƙashin kunnen hagu, bai fi kan babban yatsa ba.

Ya ci gardama ke nan, amma bai ji daɗin cinta ba. A lokacin jam'iyyu sun cika ƙasa, kowace da launin tutarta, wanda ka gani jiya da wannan hula yau ka gan shi da waccan. Sai Labo ya ce ai Duna ma ya sauya jam'iyya. Wasu kuma suka ce ba haka ba ne, na farkon shaho ya ɗauke, tsoho ya samo wani a kasuwar Gidan Rumji don kada a ce ya yi sakaci. Wannan maganar ce ta tsaya wa Nomau a maƙogwaro. In waɗanda suke ganin karen kullum sun faɗi haka, ina ga wadda ta bar shi baƙi a cikin ƙwarya? Za ta zo ta ce ya ci amana, ya kuma ɗora ƙarya a kai. Daga nan me zai sake kawo ta?

Shekara ta juyo, ba ta zo ba, sai gaisuwa a bakin matafiya. Sannan aka sa ranar zaɓe, wani mai amalanke ya kawo saƙo cewa Balkisu tana tafe, don sunanta a ƙauyensu aka rubuta shi, a nan za ta jefa ƙuri'a.

Ana gobe zaɓe da hantsi, Nomau ya buɗe ɗakin Halima. Ƙurar da ke kan jeren kwanoninta ko taɓa ta bai yi ba. Abin da ya zo nema yana cikin wani ɗan batta a bayan gado: shuni. Ya sha ganin ta ranar kitso tana murza shi da man shanu tana shafa wa kanta, gashin ya yi baƙi yana ƙyalli kamar bayan zabuwa a rana. Ko da furfura ta fara fito mata ba wanda ya sani sai shi. Ya zauna a bakin ƙofar ya kwaɓa a kasko kamar yadda take yi. Warin man da shunin ya tashi, sai ya tsaya da hannunsa a cikin kaskon, ya daɗe bai motsa ba. Daga baya ya kira Duna.

Ya shafe shi tas, daga hanci har wutsiya, har cikin kunnuwa. Da ɗanyensa abin ya yi kyau, har Nomau ya ce a ransa ko marinan Maraɗi sai haka. Abin da bai lissafa ba shi ne, kan Halima baƙi ne da ma, shunin ƙara masa yake yi. Da rana ta busar da Duna, sai ga shi shuɗi, kan nan na zinariya ya koma wani kore-kore. Ya wanke shi, shunin ya ƙi fita. Tafin hannunsa ma haka.

Washegari bayan azahar ta yi sallama. A babbar motar masu kamfen zaɓe suka zo, ita da wasu matan, an ce da la'asar za a juya. Ta yi ƙiba, ga goyo a bayanta, ga tawadar zaɓe a babban yatsanta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta sauko da jaririyar ta miƙa masa, ta ce sunan Inna aka sa mata. Nomau ya miƙa hannu, ya ga shuɗin tafinsa, ya ga farin zanen goyon, sai ya ce ta riƙe ta dai, daga nan ma yana ganinta.

Ya jira ta tambaya. Ta tambayi gona, ta tambayi ƙafarsa, ta tambayi wa yake yi masa daka. Can dai shi da kansa ya kira karen. Duna ya fito daga ƙarƙashin rumbu, ya tsaya, ya yi wa baƙuwar haushi da 'yar muryarsa, sannan ya zagaya ya ɓuya a bayan Nomau.

"Baba, wannan kuma mene ne?"

"Amanarki ce."

Ta dube shi, ta dubi karen, sai ta rufe baki da gefen mayafi. Ta ce wancan ɗan baƙin, wane suna ma ta sa masa? Ashe ya mutu. Ta ce ai da ya aiko an gaya mata, ba komai ba ne, kare ne, bai kamata ya wahalar da kansa da rini ba.

Nomau ya ce bai mutu ba, ga shi nan. Ya ba ta labarin tun daga ranar da ya buɗa gashin ƙeya, da yadda ya riga kowa gani, da dariyar Labo. Tana ta gyaɗa kai da irin murmushin da take yi tun tana yarinya in ya kawo zancen kura da takalmi. Sai ya cafko karen ya ɗaga kunnen hagu.

"Duba nan. Baƙin da kika bari ne, ban taɓa shi ba."

Ta sunkuya ta duba. Wurin ya sha mai da shuni fiye da ko'ina, ya dunƙule ya yi baƙi-baƙi. Ta goga yatsa, ta ɗago shi shuɗi kusa da mai tawadar.

"Ai shunin ne, Baba," ta ce a hankali. "Allah ya ba ka lada."

Direban motar ya danna oda daga bakin hanya. Ta goya 'yarta, ta ce in an yi girbi za ta yi ƙoƙari. Ya raka ta har bakin zaure, daga nan bai wuce ba, don ba ya son 'yan gindin bedi su ga hannunsa. Duna ko leƙowa bai yi ba.

Shunin bai bar jikin karen ba sai da aka sake sausaye shi. Girbin ya zo ya wuce. Nomau ya rage zuwa gindin bedi, in an tambaye shi ya ce ba shi da lokacin zama da makafi. Har yanzu Duna yake kiransa, kuma in yara sun yi dariya sun ce ina dunan yake, ba ya kula su. Ya daina cewa karen Balkisu ne.

Amma maganarsa tana nan, bai janye ko kalma ba. Ya ce duk mai shakka, namiji ne ko mace, na Gidan Rumji ne ko na Gazawa, ya tako ya zo da ƙafarsa. Gidan ba shi da wuyar ganewa, shi ne na ƙarshe kafin gonaki, kuma ba a taɓa zuwa a tarar ba ya nan. Ya shigo ya zauna, tabarma tana nan ba kowa a kanta. In Duna ya yarda da shi, ya ɗaga kunnen hagu da hannunsa ya duba, sannan ya dubi idon Nomau ya ce ƙarya yake yi, in ya isa.