Gwiwar Masinja da Babur ɗin Dogo

Abin da ya fi ƙona wa Masinja rai shi ne ba a kan babur ya faɗi ba. Ƙuruciyarsa kaf da rabin tsufansa a kan ƙaramin babur ya ƙare su, yana kai takardun ofis cikin ruwa da rana, ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Sai da ya yi ritaya sannan guntun sabulu ya yi ƙasa da shi a banɗaki. Aka yi masa aiki a asibiti, ƙashi ya haɗe, amma gwiwar dama ta ce ita kam ta gama lanƙwasuwa. In ya zauna sai ƙafar ta miƙe sambal a gabansa, mai wucewa ya tsallake ta ya ce sannu.

'Yarsa ce ta ɗauko shi ta dawo da shi gidanta. Unguwa na kiranta Sista don a kemis take aiki, shi kuwa Uwata yake ce mata, ita ma ta ɗauki sunan da gaske. Ta zaunar da shi ta sa ya yi alkawari: shi da babur har abada. Ya yi mata alkawarin ba gardama, domin ya riga ya gwada a ɓoye ya ga ba dama. Ƙaramin babur a ƙarƙashinka yake ajiye wurin ɗora ƙafa, dole ka naɗe gwiwa, gwiwar kuwa ta ƙi.

To sai ya koma zaman gareji. Kullum da hantsi zai dogara sandarsa ya je wurin abokinsa bakanike, wani gajeren mutum mai faɗin kafaɗa da ake ce wa Dogo don tsokana. A can yake zama a benci yana sauraren baburan mutane, yana faɗin ciwon kowanne tun kafin a kashe injin, ba wanda ya tambaye shi.

Ran da abin ya faru, ya tarar an baje kayan inji a kan bencin, duk baƙin mai.

“Yau kuma a ina zan zauna? A kanka?” in ji Masinja.

“Kaina ya yi maka ƙasa. Zo ga kujerar manya.”

Dogo ya nufi ƙuryar garejin ya yaye wani tamfol. Masinja ya daɗe yana ganin tulin nan, ya ɗauka tsofaffin tayoyi ne. Ashe babur ne, amma wane irin babur! Baƙi wuluk, dogo, ya kwanta ƙasa-ƙasa kamar ba ya son a dame shi. Tayar gaba ta yi nisa can gaba, ta baya kuwa ƙatuwa, ta kusa ta mota. Hannuwansa sun buɗe sun lanƙwaso baya kamar ƙahon sa, salansar hayaƙi guda biyu na ƙyalli a gefe, kujerar kuma faffaɗa mai lotsawa, irin ta falo.

“Kuruza ake ce wa irinsa,” Dogo ya ce yana goge tankin da gefen rigarsa. “A mace na samo shi, na yi ta jinyarsa har ya tashi. Ka ga babura iri-iri ne. Akwai na tsere, wanda za ka kife a kan tanki kamar mai ciwon ciki. Akwai na daji, mai tsawon da sai ka nemi tsani. Wannan kuwa na waɗanda ba sa sauri ne. Zama kake ka jingina, hanya ta zo ta same ka.”

“To me ya hana ka hawa?”

Dogo ya sosa ƙeya. “Ƙafata ba ta kai birki.”

Masinja ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Sai a lokacin ya lura wuraren ɗora ƙafar ba a ƙarƙashin kujera suke ba, suna can gaba kusa da taya. Yana cikin dariyar ya cilla sandararriyar ƙafar ta ƙetare kujerar, abin da bai yi wuya ba tunda ƙasa take, ya zauna don ya huta kawai. Ƙafar ta miƙe sambal yadda ta saba, dunduniya ta sauka daidai kan ƙarfen, yatsu suka kwanta a kan birki.

Dariyar ta tsaya cak.

Ya motsa idon sawu ya taka. Jar fitilar baya ta haska a jikin bango. Ya saki, ta mutu. Ya sake takawa, ta sake haskawa. Ya yi ta yi kamar wanda aka biya, taka, saki, taka, saki, bakinsa a buɗe. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Tun daga banɗakin nan kowa gyara masa ƙafar yake son yi, yau ga abin da aka ƙera daidai da ita yadda take.

“Dogo, tayar da shi.”

“A'a, ni zama na ce ka yi.”

“Don girman Allah, Dogo. In ji muryarsa kawai.”

Dogo ya murɗa makulli ya danna. Ba irin kukan sauron da Masinja ya saba ji ba ne. Wani gurnani ne mai kauri, dum-dum, dum-dum, a hankali, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Sifanun da ke kan tebur suka kama rawa. Masinja ya riƙe hannuwan babur ɗin, hawaye na neman zubo masa, yana dariya kuma.

Dogo ya san an gama da Masinja. Ya ɗauko hular kwano ya kifa masa.

“Zagaye ɗaya, ka dawo. Kuma ka buɗe kunne. Nauyinsa ya kai na saniya, ba ya son kwana mai tsini, ba shi da ribas. Kada ka kuskura ka cusa hancinsa inda ba ka ga mafita ba. In kuwa Sista ta ji labari, ni ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba.”

Alkawarin ya faɗo wa Masinja a rai. Ya san 'yarsa. In ta kama shi, ko garejin ba zai sake takowa ba, balle babur. Amma hannunsa ya riga ya saki kuloci.

Babur ɗin ba sai an yi masa bulala da totur ba. Ana sakinsa ya ja, a natse, kamar ya daɗe yana jiran a ce masa bismillah. Masinja ya fita titi, ya sa giya ta biyu, ta uku, iska ta cika masa riga ta kumbura. Baya a jingine, ƙafafu a miƙe, hannuwa a buɗe, wai shi ne yau a kan hanya! Ya gaida mai faci. Ya gaida mai sayar da katifa. Ya gaida wani maƙwabci da suka daɗe ba sa ga maciji, mutumin ya amsa kafin ya tuna. Ya leƙa madubi ya ga haƙoransa duka a waje, ya yi ƙoƙarin rufe baki irin na dattawa, bakin ya ƙi.

A danja wasu samari masu kai saƙo suka tsaya gefensa a kan ƙananan baburansu suna ta zuga totur.

“Baba, wannan dodon nawa yake gudu?”

“Ba ya gudu, ɗana. Tafiya yake yi.”

Aka ba da hannu, suka fizga suna ƙara kamar ana yanka su. Shi ko ya murɗa kaɗan, babur ɗin ya yi dum-dum ya taho ya jera da su ba tare da ya ɗaga murya ba. Masinja ya ɗaga musu yatsa biyu. Ya ji kamar ya yi ihu, sai ya yi.

Zagaye ɗayan ya zama uku. A na ukun ne ya tarar da cunkoso kusa da kasuwa, motoci sun tsaya bamba da bamba. Sabo turken wawa. Masinja bai taɓa tsayawa a cunkoso ba a rayuwarsa ta aiki, abin kunya ne ma a wurin masinjoji. Kafin kansa ya yi shawara, hannuwansa sun karya kwana zuwa wani siririn lungu da ke bayan shagunan teloli, wanda a da yake ɓullewa da shi bayan kasuwa cikin ƙiftawar ido. Ƙarfen ƙafa ya karci ƙasa, madubai suka shige da ƙyar, bango nan bango nan. Lungun gangare ne, babur ɗin ya bi shi da murna.

A ƙarshen gangaren, inda ya san akwai mafita, sai ga bango sabo fil da ƙofar ƙarfe a jikinsa.

Ya taka birki, ya ci kuwa. Ya sauke ƙafafu ya tura baya. Ko gezau. Ya dage da ta hagu, ya yi nishi, ya sake dagewa, saniyar ta ƙi motsi. Juyawa babu hali, sauka ma babu, bango ya tokare shi ta ko'ina. Gurnanin injin kuwa ya cika lungun, tagogi na kakkarwa, shi kuma ruɗewa ta sa ya manta ana kashe babur.

Ƙofar ƙarfen ta buɗe. Wata mata cikin farar riga ta leƙo da kwalin magani a hannu, fuska a murtuke. Ashe kemis ɗin su Sista ne ya faɗaɗa ɗakin ajiyarsa ya cinye bakin lungun. Duk faɗin garin nan, Masinja ya rasa inda zai kawo kansa sai bayan wurin aikin 'yarsa.

“Malam, nan ba hanya ba ce! Kashe abin nan, kwalabe na zubowa!”

Ya sunkuyar da kai cikin hular kwano ya ɗaga mata hannu, wai shi baƙo. Idonta ya sauka kan ƙafar dama.

“Baba?”

Ya girgiza kai.

“Baba, ƙafarka nake kallo.”

Ta ajiye kwalin, ta miƙo hannu ta murɗe makullin ta zare. Shiru ya sauka. Ta ɗaga murya ta kira telolin. Suka fito da tef a wuya, wani da almakashi a hannu, suka ga abin da ake ciki suka fashe da dariya. Suka kama ƙarfen bayan kujera, ɗaya ya riƙe ƙugun ɗaya, Sista na tura fitilar gaba.

“Ɗaya, biyu, ja! Baba, saki birki mana, da kai muke faɗa ko da babur?”

“A yi a hankali da madubin, na aro ne!”

Haka aka jawo shi da baya har bakin titi, yana zaune ɗare-ɗare, mata na leƙe ta taga suna tafi. Duk da tashin hankalin da yake ciki, dariya na cin cikinsa, yana danne ta tana fitowa ta hanci.

Da telolin suka watse, Sista ta tsaya gabansa, makulli a dunƙule a hannunta. 

“Ka yi mini alkawari.”

“Na yi, Uwata. Na karya.”

“Ni na tsince ka a ƙasa ranar nan, Baba. Ni. Kai ba ka ga fuskarka ba, ni na gani. Duk ƙarar da na ji a gida sai gabana ya faɗi. Tsoro nake ji, ka gane? Tsoro.”

Dariyar ta gudu. Ya cire hular ya riƙe a cinya.

“Na sani. Ni ma akwai abin da nake tsoro. In mutu a kan kujera ina jiran a tsallake ni a ce sannu. Yau tun da na fito ba wanda ya ce mini sannu, Uwata. Hanya suke ba ni.”

Ta kalle shi, ta kalli ƙafar. Sannan ta zagaya bayan babur ɗin.

“Ɗora ƙafar. Taka birki. Saki. Taka da sauri. Sake.” Ta tsuguna ta latsa gwiwar. “Da zafi?”

“Ko kaɗan.”

Ta shiga kemis ta fito ba farar riga, da hular kwanon wani abokin aikinta a kai, ta yi mata yawa. Ta miƙa masa makullin.

“Ba za ka mayar da shi kai kaɗai ba. In gani da idona, sannan in yanke hukunci.”

Ta hau ƙaramar kujerar baya ta rungume shi ta ciki. Ya tayar, suka hau babban titi, ba cunkoso ta wannan hannun, hanya fetal. Ba su yi nisa ba ya ji jikinta ya saki. Can sai ya ji wani sauti a bayan kunnensa wanda ya manta rabon da ya ji shi: Sista ke ƙyalƙyala dariya.

“Wayyo Baba, kamar a falo! Ashe haka yake! Ɗan ƙara wuta mana!”

Bai ƙara ba. Ya ga rami can nesa, ya rage. Ya ga wata mota na ƙyafta fitila za ta shigo, ya ƙara ragewa. Ramukan nan da motocin nan ɗazu ma suna nan, bai gan su ba. Yanzu yana jin ɗumin hannuwanta a cikinsa, yana jin bugun zuciyarta a bayansa, kuma kowace taya da ke titin nan sai ya ga kamar 'yarsa ta nufo. Ya sake rage gudu. Wani mai keke ya zo ya wuce su yana waiwaye.

“Baba! Keke fa ya wuce mu!”

“Bar shi ya wuce. Riƙe ni da kyau.”

“Na riƙe! Kai da ka gama zagaye gari, me kake tsoro kuma?”

Bai ɗauke ido daga kan hanya ba.

“Uwata,” ya ce, “haka kike ji kullum?”

Dariyarta ta tsaya. Ta ƙara ƙanƙame shi, ta kwantar da hular kwanon a tsakiyar bayansa.

“Kullum, Baba.”