Faɗuwar Fulgencio a Ranar Zolaya

Encarna tana tsaka da juya kifi a mai aka hau dukan ƙofarta kamar za a ɓalle ta. Da ta buɗe sai ga Torben, baƙon nan ɗan Denmark da ya kama ɗaki a wurin tsoho Fulgencio a saman bene, tsaye ba takalmi, zanƙalele kamar falwaya.

"Uwargida, ki zo. Fulgencio ya faɗi. Ba ya tashi."

Ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta dubi kalandar bayan ƙofa. Ashirin da takwas ga Disamba, ranar zolaya, ranar da ko jarida sai ta sharara ƙarya a yi dariya.

"Ya faɗi ko? To ka gaishe shi. Ka ce masa kifina na kan wuta."

Ta tura ƙofa.

Shekara talatin da ɗaya tana zaune a ƙarƙashin tsohon mai raba wasiƙun nan, ba ta taɓa ganin babban banza irinsa ba. Bara gishiri ya ɗura wa Paquita ta ƙofar kusa a gwangwanin sukari. Bara waccan sanarwar mutuwarsa ya manna a ƙofar coci, ya laɓe yana ƙirga masu kuka. Mutum uku ya samu, har da ita, abin da ba ta taɓa yafe masa ba.

Zuwan baƙon kuwa ya ƙara lalata shi. Torben ya zo ne, in ji shi, ya ga yadda ake Kirsimeti a Murcia ta ƙasar Sifaniya, da kyamara a wuya da ɗan littafi a aljihu. Fulgencio ya zame masa birin wasa. Ya cusa masa alewar almon, mai kama da ta gyaɗa, har ya yi kwana biyu yana riƙe da ciki, ya ja shi gida-gida kallon ƴan gumakan haihuwar Yesu, ya zaunar da shi da agogo yana koya masa haɗiye inabi goma sha biyun da ake ci da bugun ƙarfe sha biyun daren sabuwar shekara, tun ranar ba ta zo ba. Ita kanta Encarna an ɗauke ta hoto tana wanke matakala, sai ka ce wata dabbar gidan zu.

Ta ji Torben yana buga ƙofar Paquita. Ta ji dariya ta tashi, da muryar Ginés, mijin Paquita: "An ci ka da baƙunta, ɗan samari! Rubuta wannan ma a littafinka!"

Ta gama suyarta a tsanake, ta tsame, ta wanke kasko. Sai a lokacin ta lura sama shiru. Ba jan silifa, ba rediyon da ke hana ta sakat tun safe. Ta hau benen da zagi a bakinta.

A ƙasan kicin ta same shi, gefen bakinsa ya karkace, wandonsa a jiƙe. Fulgencio ɗan gayu ne, mai goge takalmi kafin ya fita zubar da shara. Zai iya ƙaryar komai, amma ba zai yi fitsari a wando don a yi dariya ba.

"Tun yaushe?"

"Ƙarfe tara," in ji Torben. Goma ta wuce. "Jiya ya ce gobe zan ga abin da ban taɓa gani ba. Na zaci shi ne. Na tsaya ina ɗauka da kyamara."

"Kana ɗauka."

"Na ji tsoron in kira asibiti, ya zama wasa ne, a yi mini dariya."

"Kira su yanzu, sakarai! Ko shi ma sai an koya maka da agogo?"

Ta durƙusa, ta ɗora kan tsohon a cinyarta, ta jawo tawul ta rufe masa wandon. Idonsa ɗaya na binta. Leɓensa ya motsa.

"Encarna... wannan... ba..."

"Na sani. Yi mini shiru, tsohon banza. Na sani."

Da masu motar asibiti suka sauko da shi, Ginés na tsaye a matakala yana tafi. "Kai, bana har mota ya yo haya!" Sai da gadon ya zo daidai hancinsa hannayensa suka tsaya. Likita ta tambayi Encarna awa nawa ke nan da faɗuwar. Da ta ji amsa, ta dai rubuta.

Fulgencio ya cika ranar talatin ga wata, da hantsi, bai ƙara magana ba. Aka binne shi washegari, kowa na satar kallon agogo, don kasuwa za ta tashi da wuri kuma ba a sayi inabi ba. A ƙofar maƙabarta Paquita ta share ido ta ce, "Ni fa tun ranar jikina ya ba ni." Encarna ta dube ta har sai da ta sunkuyar da kai. Amma ita ma ba ta gaya wa kowa cewa ƙofarta aka fara bugawa ba, balle ta ce sai da ta wanke kasko.

Ranar biyu ga Janairu Torben ya sauko da jakarsa, ya miƙa mata mabuɗi. Ya rame, idanunsa sun yi ja.

"Abin da na ɗauka... ko iyalinsa za su so?"

"Ba shi da kowa. Kai ƙasarku ka nuna musu al'adarmu."

Ya ja jakarsa. Ba ta raka shi ko da ido ba.

Safiyar Sarakuna Uku, shida ga Janairu, ranar raba wa yara kyauta, yaran unguwa sun cika titi da sababbin kekuna, ta hau rufin gidan don yin shanya. A igiyar ƙarshe ta ga rigunan Fulgencio biyu da safa ƙafa ɗaya, kwana tara ba wanda ya kwashe, sanyi ya busar da su sun yi tauri. Ta ajiye kwandonta, ta cire su ɗaya-ɗaya, ta ninke, ta daidaita wuyan kowace riga da tafin hannu. Ta daɗe tsaye da su a ƙirjinta, wankinta na ɗiga a cikin kwando.