Kes ɗin Maje Tela

Hannun Maje na dama ya kumbura har zaren da likita ya ɗinke shi da shi ya nutse cikin nama. Maje tela ne, ya san abin da ke biyo baya idan yadi ya fi ƙarfin ɗinki, shi ya sa ba ya son kallon wurin. Ya naɗe shi da ƙyalle, ya lafe a ƙuryar ɗakin mahaifiyarsa a Fagge, bayan manyan tukwanen biki, yana fama da zafin bazara da kuma wani zafin da ke cin ƙashinsa.

Shi dai ba mafaɗaci ba ne. Mutum ne wanda ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya leƙa neman maƙwabci. Amma ranar da Fagge da Sabon Gari suka far wa juna, cikin watan Mayun 1953, ya ga duk mazan layinsu sun fita, kunya ta hana shi zama a kan keken ɗinki. Ya ɗauki gora ya bi bayansu. Abin da ya faru a cikin turmutsutsun nan, shi kansa ba zai iya rantsuwa cewa gorarsa ba ta sauka a kan kowa ba. Abin da ya sani kawai, ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa, adda ta tsaga masa tafi. Aka kai shi asibiti aka ɗinke. Washegari ya ji majinyata na raɗe-raɗin wai za a zo ɗaukar sunayen masu rauni, sai ya sulale ya bar har takalmansa.

Baffa wanzami, maƙwabcinsu, shi ya kawo labarin da ya ƙarasa ruɗa shi.

"Masinjan asibiti ya zo yana cigiyarka," in ji Baffa, yana shafa masa wani baƙin magani a kan ɗinkin. "Wai wata nas ce 'yar Sabon Gari ta aiko shi. Kes ɗinka take rubutawa."

Kes! Duk wanda ya zauna a Kano ya san kes: 'yan sanda, joji, gidan yari. Baffa kuwa ba ya ba da labari babu gishiri, sai da ya lissafo masa mutanen da aka kama a unguwa har da waɗanda ba a kama ba tukuna. Tun daga ranar Maje bai ƙara leƙa ko zaure ba. Mahaifiyarsa, Inna Ummakulsum, ta riƙa gaya wa masu kawo ɗinki cewa ya tafi Bichi gaisuwar mutuwa. Idan mota ta tsaya a bakin titi sai ya ƙara lafewa bayan tukwane. Yana tsoron hannun, yana tsoron kes, kuma tsoron kes ne ke rinjaye kullum.

Ran nan bayan azahar ya ji sallamar mace a tsakar gida. Ta ƙarƙashin labule ya hango gefen zane da mayafi irin na matan unguwa, amma takalman farare ne fes, irin na ma'aikatan asibiti.

"Ba ya nan, 'yar nan," in ji Inna. "Yana Bichi."

"Inna, ki gafarce ni," in ji baƙuwar. "Daga nan nake jin warin hannun."

Can labule ya ɗaga, Maje ya ga fuskar da ya sani. Nneka ce, 'yar Celestine mai sayar da zare da allurar keke a kasuwar Sabon Gari. A Sabon Gari aka haife ta, tana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma shi da kansa ya ɗinka mata kayan makaranta tun tana ƙarama. Yanzu tana koyon aikin jinya. Ya leƙa bayanta ya ga ko da 'yan sanda. Ita kaɗai ce, gumi ya jiƙa mata goshi.

"Malam Maje, sannu da jiki."

"Kin zo da sammaci?"

"Sammacin me?"

"Ai an ce kes ɗina ke hannunki."

Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta dafe kai ta durƙusa a bakin ƙofa. "Wayyo. Haka masinjan ya faɗa? Malam Maje, ba na kotu ba ne. Mu a asibiti duk mara lafiya kes muke ce masa. Malamarmu ce ta ce kowace ɗaliba ta ɗauki majinyaci guda ɗaya, ta bi shi tun daga shigowarsa har ƙarshen ciwonsa, ta rubuta. Ni na riƙe hannunka likita yana ɗinki, shi ya sa na ɗauke ka."

"Don me za a rubuta ni? Masu rauni sun cika asibitin."

"Don sun cika ɗin. Idan ana kallon taro ba a ganin kowa sosai. Amma idan aka zauna da mutum ɗaya aka bi shi daki-daki, ɗaliban da za su zo bayanmu za su san abin da za su yi in an kawo musu irin hannunka."

Bai yarda ba. Ya ji ana cewa masu bincike da daɗin baki suke farawa. "Karanta mini abin da kika sa," ya ce.

Ta ciro takardun daga cikin mayafi, ta riƙa karantawa tana mayar masa da Hausa. Namiji ne, shekarunsa wajen talatin, sana'arsa ɗinki, da dama yake aiki. An kawo shi da sara a tafin hannu, daga gindin manuniya zuwa wuyan hannu. An wanke, an ɗinke, an yi masa allura. Bai yi kuka ba, amma ya ce wa likita ɗinkin ya karkace.

Duk da halin da yake ciki sai da Maje ya ji kunya. "Ina sunan?"

"Babu. Ba a sa suna, ba a sa unguwa. In na sa, malama za ta yaga ta a gabana."

"To, da yadda aka yi na ji ciwon?"

Amsar wannan tambaya ya fi tsoro. Ya ji labarin an wawashe rumfar mahaifinta a rikicin, bai kuwa san ta wane layi ƙafafunsa suka bi ba a ranar. Nneka ta sunkuyar da kai tana gyara gefen takarda.

"Saran adda ne, na gani da idona," ta ce a hankali. "Abin da aikina yake so shi ne ko tana da tsatsa, da kuma daɗewar da ka yi kafin a wanke. Abin da na gani nake rubutawa, da abin da ka faɗa mini. Wanda ya riƙe addar, da abin da kai ka riƙe, babu wurinsu a takardar nan."

Ta sa hannu ta kwance ƙyallen. Inna ta kawar da kai tana salati. Yatsu biyu sun yi baƙi, wani jan layi ya haura har gwiwar hannu. Maje ya ga yadda fuskar yarinyar ta canza, sai wani sabon tsoro ya kori na dā.

"Saura me a rubutun?" ya tambaya, don kawai ya ji wata magana.

"Saura yadda ta ƙare, da abin da za a koya. Ba a ƙago su, jira ake a gani. Malam Maje, tashi mu tafi yanzu. In ka kai gobe, ba maganar yatsu za a yi ba."

Inna ce ta ɗauko masa hula. Suka fito layi da rana tsaka, mutumin da ke Bichi da 'yar Sabon Gari cikin mayafin aro, mazauna zaure na bin su da ido. Sai da suka fita titi ya lura ita ma sai waige take yi.

Likita ya ceci hannun, amma ya cire manuniya da na tsakiya. Ya ce Maje zai iya tura yadi a ƙarƙashin allurar keke idan ya warke. Aikin hannu a wuyan riga kuwa, wanda da shi aka san Maje a Fagge, bai ambace shi ba, shi ma Maje bai tambaya ba. Babu ɗan sandan da ya zo. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Wata safiya Nneka ta zo ta zauna a gefen gadonsa da takardunta.

"Abu ɗaya ya rage," ta ce. "Malama ta ce in bayyana dalilin jinkiri. Da an cire zaren a kan lokaci, da yatsun suna nan."

"Ki sa wauta ce ta tela."

"Ba ita kaɗai ba ce." Ta juya alƙalami a hannunta. "Tun ranar da ka gudu na san inda kake, ai na san gidanku. Na zo har bakin titin Fagge na juya. Na sake zuwa na juya. Shi ne na tura masinja."

Maje ya dubi farin ƙyallen da ke naɗe da abin da ya saura na hannunsa. Ya ga wanda ya naɗe shi ya iya aiki, babu inda ya karkace.

"To, ki rubuta tsoro," ya ce.

Ta ɗora alƙalami a kan takarda, ta ɗan dakata. "In ce na wa?"

"Ba ke kika ce ba a sa suna ba?"

Ta rubuta kalmar, ta busa tawadar ta bushe, sannan ta tashi ta je ɗauko masa magani.