Gangar Baba Mitar

Ƙungiyar Livac ta garin Kremenac ta ci Brodar da maki 71 da 70 ranar Lahadi da la'asar, a wasan ƙarshe na zagayen ƙwallon kwando na bana, amma har yanzu hukumar gasar ƙasar Sabiya ba ta amince da sakamakon ba. Brodar ta kai ƙara. Ta ce an buga ganga a zauren da doka ta hana ɗan kallo ko ɗaya shiga.

An rufe ƙofar ne saboda makonni biyu da suka wuce magoya bayan Livac sun jefi alƙalin wasa da sulalla har suka fasa masa goshi. Sharaɗin a fili yake: in aka tabbatar akwai ɗan kallo a ciki, Brodar ta ci wasan, Livac kuma ta faɗa rukuni na biyu. Masana'antar narkar da ƙarfe da ke ciyar da ƙungiyar ta riga ta ce in aka faɗa, za ta janye kuɗinta.

Slavko Drobnjak, kyaftin ɗin Livac, shekararsa talatin da shida, kuma a garin aka haife shi. Da safiyar ranar ya zauna a kicin, kofi yana hucewa a gabansa.

“Ka sha maganin?” in ji matarsa Zorka.

“Na sha.”

“Ƙarya. Ga shi can kan firji yana kallonka.” Ta ajiye masa burodi da cuku. “Likita ya ce bugun jininka ne kake ji a kunne. Ka yarda da likita sau ɗaya a rayuwarka.”

“Jini ba ya bugawa sau biyu ya tsaya, Zorka.”

Ta ɗauko maganin ta ajiye a gabansa. Ita kaɗai ya taɓa faɗa wa abin da yake ji, sai likitan.

Shekara talatin Baba Mitar, tsohon ma'aikacin masana'antar, ya yi yana zama da gangarsa a saman benayen arewa. Duk lokacin da aka yi wa ɗan Livac ƙeta ya tsaya a layi zai yi jifan kyauta, zauren kan yi tsit, Mitar ya buga sau uku a tsanake, a na ukun ƙwallo ta bar hannu. Haka Slavko ya koyi jifa tun yana yaro. Mitar ya rasu a watan Nuwamba. Ranar binne shi magoya baya suka tsaga fatar gangar da wuƙa don kada wani ya ƙara taɓa ta, suka zuba mata rakiya, barasar yankin, suka rataye ta a ƙarfen rufi, inda sai da tsani ake kaiwa.

A wasan farko bayan binnewar, Slavko ya tsaya a layi ya ji ta. Bugu ɗaya. Bugu biyu. Ya jira na uku, bai zo ba. Ya jefa, hannunsa a sandare, ƙwallo ta daki ƙarfen kwando. Tun daga ranar haka yake ji a kowane zaure, gida da waje. Mutumin da kan zura tara cikin goma ya koma da ƙyar yake samun huɗu. Duk ƙasar ta sani. In wasa ya yi zafi, shi ake nema a yi wa ƙeta.

Da rana 'yan sanda suka zagaye zauren, suka leƙa har banɗakuna, suka sa kwaɗo a ƙofofin benaye. Wakilin hukuma, wani siririn mutum mai suna Ostoja Perišić, ya ƙirga waɗanda ke ciki da kansa: 'yan wasa, alƙalai, masu teburi, mai kyamara.

A ɗakin sauya kaya koci Obrad ya tsaya gaban Slavko yana tauna asuwaki.

“Tsoho, in suka tura ka layi, rufe ido ka jefa. Kakata ta fi ka, kuma tana kabari.”

“To ka sa ta mana.”

“Na nema, ta ce sai an biya ta albashin Maris.”

Aka yi dariya kaɗan, ta mutu da wuri.

Zauren da ke cin mutum dubu uku ya zama kamar rijiya. Ana jin kukan takalmi a kan katako, ana jin numfashin alƙali kafin ya busa usur. Ɓawon 'ya'yan sunflawa na wasan baya yana nan a ƙarƙashin kujeru, ba wanda ya share. Slavko ya hana kansa kallon sama.

Ɗan wasan Brodar da aka ba shi ya tsare shi ne Vukan Šarac, ɗan shekara ashirin da uku, wanda ya fi kowa iya jifan kyauta a gasar bana, kuma bakinsa ba ya hutawa.

“Kawu, gwiwar tana ƙara. Ka ji ta? Ko in kira maka motar asibiti?”

“Yi wasanka, ɗa.”

Sau huɗu suka tura shi layi kafin hutun rabin lokaci. Sau huɗu ya ji bugu biyu. Ɗaya ta shiga, ita ma sai da ta yi rawa a bakin kwando.

Saura daƙiƙa ƙasa da ɗaya, ana 70 da 70, Vukan ya riƙe masa hannu a ƙarƙashin kwando. Usur. Jifa biyu. Na farko ya kauce tun daga yatsunsa. Obrad ya juya wa filin baya, ya dafa bango.

Vukan ya sunkuya a gefen layi, hannu a gwiwa, yana murmushi.

“Kawu, ko in kira maka makaɗinka?”

Alƙali ya miƙo ƙwallo. Slavko ya dunƙule kafaɗa yana jiran bugun farko. Bai zo ba. Babu komai a kunnensa, babu ko jininsa. Wata biyar rabon da ya ji shiru irin wannan. Ya ɗaga hannu ya jefa, ƙwallo ta shige, raga ta yi motsi kaɗan.

Ya juya yana jiran abokansa su rufe shi. Ba wanda ya taho. Duka sauran 'yan wasa tara, da alƙalai uku, da masu teburi, sun ɗaga kai suna kallon benayen arewa. Sai da aka tuna wa alƙali sannan ya busa Brodar ta fito da ƙwallo. Jifansu daga tsakiyar fili bai kai ko allo ba.

Aka kawo tsani. Perišić ya hau da kansa, ɗan sanda yana riƙe masa. Gangar tana nan, fatar a tsage kamar yadda aka bar ta, ƙura a kanta ba alamar yatsa. Kwaɗon ƙofofi bai motsa ba. Mai kyamara ya mayar da hoton baya, suka saurara su biyar, shi da Perišić da alƙalan. Bugu uku, a tsanake, a na ukun ƙwallo ta bar hannun Slavko.

Perišić ya tare shi a baranda.

“Kyaftin, kai ne ka fi kowa sanin sautin nan. In ka ce gangar magoya bayanku ce, zan rubuta haka. Me ka ji?”

“Ban ji komai ba.”

“Mutum ashirin sun ji.”

“To ka tambaye su. Ni ban ji ba.”

Wakilin ya wuce.

A waje rana ba ta faɗi ba. Magoya baya sun cika titi bayan shingen 'yan sanda suna waƙa, ba su san da ƙarar ba tukuna. Motar Brodar tana tsaye injinta a kunne. Vukan bai shiga ba. Yana jingine da ita, jakarsa a ƙasa, tafin hannunsa a kan kunnen hagu.

“Kawu.” Muryar ba irin ta cikin fili ba ce. “Minti ɗaya, don Allah.”

Slavko ya tsaya.

“Da na koma in ɗauko tawul, na bi ta kan layin. Na sake ji. Ba kowa a zauren.” Ya ƙara danna kunnen. “Amma biyu ya buga. Biyu kawai, sai ya tsaya. Kai ka san shi. Yaushe na ukun yake zuwa?”

Slavko ya dubi titi. Ya hango Zorka a bakin shinge, da tsofaffin masana'anta da rigunansu masu launin ƙungiya, waɗanda suka ɗauki gawar Mitar a kafaɗa. A bayan Vukan kuma kocin Brodar yana tsaye a ƙofar mota, waya a kunne, idonsa a kansu.

“Bugun jininka ne,” in ji Slavko. “Ka ga likita, akwai magani.”

Ya saɓa jakarsa ya tsallaka titi.

Hukumar za ta zauna ranar Alhamis. Ranar Laraba Brodar ta buga wasanta na farko a zagayen neman kofi, a gidanta, gaban mutum dubu biyar. An tura Vukan Šarac layi sau tara. Biyu suka shiga. Masu kallo a talabijin sun lura cewa kafin kowane jifa yakan tsaya, ƙwallo a hannu, kansa a ɗan karkace, har alƙali ya fara ƙirga masa lokaci.