Katin Gahawar Delphine

Tun kafin jirgin yawon shaƙatawa ya bar Galveston, Delphine ta sayi katin shan gahawa na shagon cikin jirgin, irin wanda ake hudawa duk lokacin da aka sha. A ranta, kowace safiya za su zauna ita da mijinta Wendell a bakin taga, su yi hirar da aiki ya hana su a gida. Shi kuwa tun ranar farko ya gano gahawar kyauta a saman bene, wajen 'yan hirar ƙwallo.

Yau safiyar ƙarshe ce, gaɓa ta fara bayyana, kuma da an sauka katin ya tashi aiki. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa matakala, ta sake shan wani kofin.

Sai ga Wendell da kofin takarda.

"Ke kuwa Del, ga ta kyauta a sama, kina ta ɗura wa cikinki ta kuɗi?"

"Ai ba don gahawar na saya ba, sarkin wayo," ta ce, idanunta sun ciko.

Wendell ya dubi kujerar da ta tanadar masa, ya ja ta ya zauna, ya karɓi katin ya miƙa wa mai shagon.

"Huda mana biyu. A hankali za mu sha."