Marsandin Baba Martins

Da Sati ya sauka daga acaɓa a unguwar PZ safiyar Lahadin nan, ya tarar da surukinsa tsaye a tsakiyar titi cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, yana ɗaga wa motoci hannu su kauce. Baƙar Marsandin tana bayansa, ta kafe kamar an dasa ta. Mama Alisabatu na zaune a ciki da Littafi Mai Tsarki a cinyarta, ta zuba wa gilashin gaba ido, ba ta kallon kowa.

"Giya ce ta ƙi shiga," in ji Baba Martins. "Ta yi wata irin fizga, sai ta tsaya."

Sati ya naɗe hannun riga, shi da wasu masu shaguna suka tura motar gefe. Tun lokacin da matarsa Dinatu ta miƙo masa waya a Samaru ta ce Baba ne, ya sha jinin jikinsa.

Mama ta buɗe ƙofa ta sauko da ƙafa ɗaya. "Sati, ɗana, ka gani ko? Kai ka ce a sayi garantin nan. A gabana ka faɗa."

"Mama, ku bari mu ji abin da bakanike zai ce tukuna."

"Me zai ce? Wanda ya kamata ya ji magana bai ji ba."

Baba Martins ya ciro hankici ya goge inda tafin hannun wani ya ɓata jikin motar.

Tsohon ya yi rayuwarsa yana hedimasta a makarantun firamare na ƙauyuka, daga keke ya koma babur, a kan babur ɗin kuma ya yi ritaya. Tun suna da ƙuruciya yake ce wa matarsa wata rana sai ya kai ta sujada a Marsandi, ita kuwa ta yi dariya ta ce ya fara gyara birkin kekensa. Da kuɗin sallamarsa suka fito bayan doguwar jira, bai yi shawara da kowa ba a kan ko zai saya. Ya dai kira mijin 'yarsa ya raka shi, domin a gidan Sati ake ɗauka ya san mota. Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Samaru, kuma ya taɓa mallakar wata tsohuwar Golf.

Wurin Uzodinma suka je, dillalin motocin Kwatano, haifaffen Sabon Gari wanda Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan. Da aka gama ciniki, Uzodinma ya ce akwai ƙarin garanti na shekara guda ga mai so. In inji ko giya suka samu matsala a cikin wannan lokaci, garejinsa zai gyara ba tare da an ƙara ko sisi ba.

Sati ya ba da shawara a saya. Ya ce irin waɗannan motoci cike suke da na'urori, ɗan ƙaramin abu in ya lalace sai ya ci albashin mutum na watanni, kuma ba wanda ya san wahalar da motar ta sha a hannun mai ita na farko. Baba ya saurare shi har ƙarshe, kamar yadda yake sauraron ɗalibi, sannan ya girgiza kai.

"In mai kaya ya ce in biya shi saboda tsoron kayansa za su lalace, ashe shi ma bai yarda da su ba. Ni ba gudu zan yi da ita ba. Coci, asibiti, sai gida lokacin Kirsimeti. Kuɗin nan gara in ajiye su, jikana na tafe."

Dinatu na da ciki a lokacin. Aka bar maganar a nan.

Abin da Mama ba ta sani ba shi ne abin da ya faru ranar Asabar, mako guda kafin motar ta tsaya. Wani abokin aikin Sati ya yi aure, Sati ya roƙi aron motar don ya kai malaman makarantarsu wurin liyafa a Sabon Gari. Baba ya miƙa masa makulli ba tare da ya ja masa kunne ba. Suna dawowa da la'asar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. A wani kwari kusa da Hanwa kwalbati ta cika ta tumbatsa, ruwa ya shafe titi, motoci da Keke masu ƙafa uku suka yi layi suna jira ya janye. Sati ma ya tsaya. Sai ɗaya daga cikin malaman da ke baya ya yi dariya ya ce, "Haba Malam Sati, Marsandi ce fa. Mu ma sai mu tsaya tare da 'yan Keke?"

Akwai wata sabuwar malama a kujerar gaba, ita ma ta yi murmushi. Sati ya taka totur.

Ruwan ya fi yadda ya zata zurfi. Ya ji shi yana dukan ƙasan motar, ya ga yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa har ya jiƙa musu takalma. Motar ta yi tari, ta yi kamar za ta mutu, sannan ta fice. Aka yi masa tafi. Da ya sauke su, ya tsaya a wurin wankin mota aka goge ta ciki da waje, aka fesa turare, ya mayar wa Baba da makullinsa ya yi godiya.

Ranar Litinin bayan tsayawar motar, Sati ne ya bi ta zuwa garejin Uzodinma a Chikaji, domin Baba ya ce ƙafarsa na ciwo. Da aka zuƙe man giyar a cikin wani kwano, Uzodinma ya kira shi gefe ya nuna masa. Man ya zama ruwan ƙasa-ƙasa, kamar shayi da madara.

"Oga Sati, ka san mene ne wannan?"

"Ruwa ne."

"Ruwa ne. Ya shiga giya, ya taɓa kwamfutar da ke sarrafa ta. Ba a gyara wannan, sai dai a sauya, kuma kayan sai daga Legas." Ya goge yatsunsa da tsumma. "Baba kuwa ko hadari ya gani ba ya fito da motar nan. Duk layinsu an sani."

Sati ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Da an sayi garantin nan fa?"

"Da bai yi amfani ba. Garanti na abin da ya lalace da kansa ne. Wanda ya shiga kogi da mota, ba ruwan garanti da shi. Ko a Jamus haka ne."

"Don Allah kada ka faɗa musu tukuna. Ni zan faɗa da bakina."

Uzodinma ya dube shi. "Jiya matata Oby ta je kasuwa, ta ji ana cewa na sayar wa tsoho ruɓaɓɓiyar mota. A garin nan aka haife ni, da sunana nake ci. Ba zan kai kaina gidansu ba. Amma in ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba."

Baba bai tambaya ba. Da Sati ya kai masa labarin cewa giya ce gaba ɗaya, sai ya gyaɗa kai ya ce, "To." Aka jawo motar gida aka lulluɓe ta da tampol a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, domin abin da aka nema na gyara ya fi ƙarfin abin da ya rage a hannunsa.

Daga nan gidan ya canza. Mama ba mai faɗa ba ce, amma ta iya shiru. Takan ajiye wa Baba abinci ta koma kicin ta ci nata. In baƙi suka zo jaje, sai ta ba su labarin tun daga farko, yadda yaron nan ya yi ta roƙo a sayi garanti, yadda hedimasta ya ce shi ya fi kowa sani. Baba na zaune yana ji, yana juya rediyonsa a hannu. Ranar Lahadi suka koma tsayawa a bakin titi suna tare Keke, shi da kwat ɗinsa, ita ta juya masa ƙeya. A taron dattawan coci, inda a da ba a rufe magana sai an ji ta bakinsa, aka lura ya daina cewa komai.

Shi kuwa Sati daraja ta ƙaru masa. Wani dattijo ya tare shi a ƙofar coci ya ce ɗansa zai sayi mota, yana so Sati ya raka shi. Mama ta fara aiko musu da miyar da ta san yana so. Yakan zauna gaban kwanon ya ture shi gefe.

Wata safiya ya yi niyyar gaya wa Dinatu. Tana zaune a bakin gado, ƙafafunta sun kumbura, yana shafa mata man zafi.

"Dinatu, game da motar Baba."

"Kada ka damu kanka," ta ce. "Ka yi iya naka. Ka san da farko Yaya Henry bai so aurenmu ba, yana cewa ba ka da nutsuwa. Jiya da ya kira, da bakinsa ya ce ashe kai ne mai hankalin gidan." Ta dafa kansa. "Na ji daɗi har na yi hawaye."

Ya ci gaba da shafa man. Ya ce a ransa bari ta haihu tukuna.

Henry, babban ɗan Baba, ma'aikacin banki ne a Kaduna. Ƙarshen wata ya zo, ya tara iyali a falo bayan an taso daga coci. Ya yi magana a hankali, cikin ladabi, kuma ladabin ne ya fi ciwo. Ya ce Baba ya yi musu komai a rayuwa, amma shekaru sun ja, duniya ta canza, abubuwan yanzu ba irin na da ba ne. Ya ce shi zai ɗauki nauyin gyaran motar a hankali. Sai dai daga yau, duk wata babbar hidima, ko ta fansho ko ta gonar gida, kada Baba ya yanke shi kaɗai. Tunda shi yana nesa, Sati ne zai riƙa dubawa.

"Haka ya kamata," in ji Mama.

Sati ya gyara zama. "Yaya, ni ina ganin bai kamata ba. Akwai abin da..."

"Na yarda," Baba ya katse shi. Bai ɗaga murya ba. "Henry ya yi gaskiya. An ba ni shawara ban ɗauka ba. Alisabatu, ki yi haƙuri."

Mama ta dube shi, karo na farko cikin makonni. Ta ce, "Ya wuce." Ta tashi ta shiga kicin, aka ji tana kiran Dinatu ta zo ta ɗanɗana gishiri.

Baba ya miƙe ya ce Sati ya zo ya taya shi gyara tampol, iska ta yaye gefe guda. Suka fita tsakar gida. Sati ya kama gefe ɗaya, tsohon ya kama ɗaya, suka ja. Busassun ganyen mangwaro suka zubo.

"Baba, ina so ku saurare ni. Ranar da na ari motar nan..."

"Washegari da sassafe na fitar da shimfiɗun ƙasanta," in ji Baba, yana ɗaure igiya a jikin taya. "Na shanya su a bayan gida kafin mamanku ta tashi. Har da ƙasa a ƙarƙashin kujera, irin jar nan ta Hanwa."

Sati ya saki tampol ɗin.

"Na jira ka zo ka faɗa mini a makon. Da ka zo, da an zuƙe man tun bai yi ɓarna ba." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Wannan ne kawai ya dame ni."

"Zan shiga in faɗa musu yanzu."

"Ka faɗa wa wa? Henry, da sai yanzu ya fara kallonka a matsayin mutum? Ko yarinyar da ke gab da haihuwa?" Ya miƙe da ƙyar, yana dafa bayansa. "Ni an riga an gama yi mini hukunci, kuma ka ga har an yafe mini. Kada ka tayar da shari'ar da aka rufe. Sai dai gobe ka je wurin Uzodinma. A bar ɓata masa suna, shi bai yi komai ba. Ka san yadda za ka yi da wannan, tunda kai ne mai dubawa yanzu."

Ba da gatse ya faɗa ba. Sati ya so a ce da gatsen ne.

Daga ciki Mama ta ɗaga labule. "Ku shigo abinci na hucewa. Sati, kai za ka yi mana addu'a yau."

Baba ya kaɗe hannuwansa ya wuce gaba, yana ɗan ɗingishi. Sati ya bi bayansa. A falo kowa ya riga ya sunkuyar da kai, an rufe idanu, ana jiran ya fara.