Takalman Hagu Ashirin

Akuya ba ta san wata rana za a sa ta a ƙafa ba, shi ya sa fatarta ke zuwa da fuska da baya, kamar mutum. Abin da ɗalibai shida suka manta ke nan ranar wata Talata, a wani kamfanin fata da ke Challawa.

'Yan makarantar koyon sana'a ne, mata zalla. Mai kamfanin, Hajiya Zaituna, ta ba su aron ɗaki kusa da inda ake shanya fatu, da keken ɗinki, da jar fatar da za ta isa takalmi ƙafa goma, ba ƙari. Sharaɗinta ɗaya ne: ran Asabar su kawo abin da mutum zai sa ya fita da shi. In ya yi, ɗakin nasu ne shekara guda, su ɗinka su sayar. In bai yi ba, akwai 'yan wata makaranta a Sharada da ke jira.

Saudat ce shugabarsu, kuma ita ke yanka. A makaranta da takarda suka koya, ita kuwa takarda duk inda ka juya ta ɗaya ce. Sai ta ɗora kwalin awo a kan fata ta yi ta yanka, ba ta kifa shi ko sau ɗaya ba. Sauran suka manna suka ɗinke, suna hira.

Ran Alhamis Malam Muhyiddeen, tsohon badukun da kamfanin ya sa ya riƙa leƙa su, ya jera takalman a kan benci. Ya daɗe yana kallo. Duk ashirin ɗin gefe ɗaya suka karkata, kamar tumaki sun ji motsin dusa.

"'Yan nan," ya ce, "ina na daman?"

Jummai, aminiyar Saudat, ta ɗaga wari biyu ta haɗa, ta fashe da dariya. "Shugaba, aljanu muka yi wa? An ce su ne masu hagu biyu."

"Malam, a kifa mana," in ji Saudat.

"In kin kifa, bayan fata ne zai fito sama. Fata kuma ta ƙare. Ni ma da na duba ran Talata, da ba haka ba."

Saudat ta fita da wari ɗaya a hannu, ta zauna a dakalin bakin ƙofa tana share ido da mayafi. Maigadin, Malam Idi, ya dogaro sandarsa ya zo. Ƙafarsa ɗaya ce, ta hagu. Ta daman inji ya cinye ta a wata masaƙa a Bompai tun yana saurayi.

"'Yata, wa ya mutu?"

Ta nuna masa takalmin, ta faɗa masa komai. Ya karɓa, ya shinshina, ya zura ƙafa. Ya taka ƙasa sau biyu.

"Ke, wannan ai da ni aka auna! Shekara talatin ina sayen biyu in sa ɗaya. Akwai abokina a Dorayi, shi dama ce ta rage masa, na so mu riƙa raba ƙafa guda, amma tasa kamar faranti take."

Saudat ta daina kuka. "Baba, ku nawa ne?"

"Masu hagu ko masu dama? Muna da ƙungiya. Gobe bayan sallar Juma'a za mu haɗu a Na'ibawa."

Ran Asabar Hajiya Zaituna ta iso ta tarar da dattawan ƙungiyar su tara zaune a inuwa, sanduna jingine da bango, takwas daga cikinsu kowa da jan takalmi sabo fil. Wani ya miƙe ƙafa yana kaɗa ta don a gani. Ta shiga ɗakin, ta dubi sha biyun da suka rage, sannan ta dubi Saudat.

"Wannan dabara ce ko kuskure?"

Jummai ta taka wa Saudat ƙafa a ɓoye. Saudat ta sunkuyar da kai. "Kuskure ne, Hajiya. Ni na yanka, ban kifa kwali ba. Amma kun ce abin da mutum zai sa ya fita da shi. Ga su can, da shi suka zo."

Daga waje wata ƙatuwar murya ta taso, ta mutumin Dorayi, wanda shi kaɗai ya zo da tsohon silifa. "Hajiya, mu masu dama laifin me muka yi?"

Hajiya ta so ta danne dariya, ta kasa. Ta ciro mukulli daga jaka ta riƙe shi a sama.

"Ba na son a sake lalata mini fata. Wata uku Malam zai tsaya a kanki duk ranar yanka. Kin yarda?"

"Na yarda, Hajiya."

Ta sakar mata mukullin a tafin hannu. "To, je ki auna wancan mai ihun, kafin ya tara mana jama'a."